Ranar Da Na Bi Kebul Ɗin Malam Ilu Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kwamfutar Malam Ilu a nan Daura ya san abin da zan fara da shi. Kafin ya soka kebul a jikin kwamfuta sai ya kai kan kebul ɗin bakinsa ya hura masa iska, ya goge shi da gefen hula, sannan ya yi masa nasiha ƙasa-ƙasa: "Ka ji tsoron Allah ka kama." Ranar da na fara ganin haka na ɗauka taɓuwa ce ta zo. Ni taubashinsa ne, babata da babansa ciki ɗaya suka fito, don haka ban ɓoye ba, a gaban mutane na faɗa masa. Ko kallona bai yi ba, ya ce dillalin shanu ba ya sa baki a harkar ilimi.

Ilu bai taɓa yar da kebul ba, ko guntu. Wata rana a wurin ɗaurin aure a Baure ya miƙe zai gaisa da liman, sai na hango wani abu shuɗi yana lilo a ƙarƙashin rigarsa. Na ƙura ido, wallahi kebul ne, da shi ya yi mazagin wando, har da ɗan kan nan na roba. Kunya ta rufe ni kamar ni na saka. Na ja shi gefe na ce ya rufa wa dangi asiri. Ya gyara zaman rigarsa ya ce, "Mamman, kebul ba ya mutuwa. Aiki kawai yake canzawa."

Sai kuma suwic, ɗan akwatin nan mai ramuka da fitilu kore wanda ke raba wa kwamfutoci intanet. Da can a shago yake, har ranar da wani bawan Allah daga Mashi ya ɗora masa kofin shayi. Ilu ya yi salati, ya rungume akwatin ya shige da shi cikin gida, bai dire shi ko'ina ba sai a turakarsa. Ya fasa bangon shago ya zura kebul guda ta cikin ramin. Tun daga ranar babu namijin da ya sake ganin suwic ɗin, don kun san gidan Ilu ba a shiga.

To, nan matsalar ta samo asali. Intanet ɗin shagon ya koma yana zuwa yana ɗaukewa. Emeka, ɗan Ibon nan mai sayar da kayan kwamfuta wanda ya fi ni iya Hausa, ya yi ta zarya har ya gaji. Ya duba kwamfuta lafiya lau, ya duba kan kebul na ɓangaren shago lafiya lau, in ya zo bakin ramin bango sai ya tsaya, don ɗaya ɓangaren yana cikin matan aure. Kullum maganarsa ɗaya ce, a sa sabon kebul. Kullum amsar Ilu ɗaya ce, wannan ɗin bai yi masa laifin komai ba.

Ni duk wannan dariya nake yi, har sai da abin ya zo kan ɗiyata Zainabu. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da buri sai aikin jinya. Shekarar da ta gabaci wannan ta rasa shiga makarantar saboda ita ta zauna jinyar uwarta, kuma ranar da nake ba ku labari ita ce ranar rufe karɓar takardu ta intanet. Na so in kai ta wani shagon tun farko, Ilu ya rantse in na kai ɗiyarsa wurin bare ya yanke zumunci da ni. Duk takardunta suna cikin kwamfutarsa, saura turawa kawai.

Muka zauna. A danna tura, layin nan ya fara cika, ya kai rabi, sai intanet ya ɗauke. Ilu ya zare kebul, ya hura, ya yi nasiha, ya mayar. Intanet ya dawo, ya sake ɗaukewa. Aka kashe kwamfuta aka kunna, duk ɗaya. Rana tana ta yin sama, ni kuma zuciyata tana tafasa. Na fita da kaina na kamo Emeka. Ya haɗa kebul ɗin da tasa kwamfutar ta hannu, ita ma haka, ya ce to ba laifin kwamfuta ba ne. Ya roƙi Ilu ya shiga ya canza wa kebul ɗin rami a jikin suwic, ya kuma duba ko fitilar tana tsayawa. Ilu ya shiga ya fito ya ce ya canza, fitila kuwa tana ƙifta ido abinta, wai ita ma ai tana da haƙƙin hutawa.

Emeka ya ƙura wa ramin bango ido. Can sai ya taɓa ni ya ce, "Alhaji, duba nan. Kebul ɗin nan motsi yake yi." Na duba, ai kuwa yana ja yana saki kamar an ɗaura akuya a ɗaya ƙarshen. Ya ce ni ɗan gida ne, don Allah in bi shi in ga inda ya je.

Na yi sallama na shiga. Jama'a, abin da na gani har yau in na tuna sai na riƙe baki. Kebul ɗin ya fito daga bangon shago, ya ratsa tsakar gida ta sama, ya shige tagar turaka. A kansa kuwa, daga wannan bango zuwa wancan, shanya ce reras. Zannuwa, kayan yara, babbar rigar Ilu, ga Laraba matarsa tana kan baza wani jiƙaƙƙen bargo yana ɗigar ruwa. Na ce innalillahi, Laraba, me nake gani haka? Ta dube ni da mamaki, ta ce ai Malam ne ya hana ta sayen igiyar shanya, ya ce ga kebul nan yana shan iska a banza.

Na leƙa turaka. Ga suwic a kan murfin randa, wai don ya ji sanyi, an kifa masa tsohuwar hula. Ɗan maƙallin da ke riƙe kan kebul a cikin rami ya karye tun tuni, Ilu ya tokare shi da tsinken tsire. Duk zanen da aka shanya sai ya fizgo kan waje, duk wanda aka kwashe sai ya koma. Na juyo na tarar da Ilu a bayana, ko alamar kunya babu. Na balbale shi da faɗa, na ce makomar ɗiyata ce yake shanya wa bargo. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Ruwa a waje yake, saƙo ta ciki yake bi. Ina ruwan wani da wani?"

Muka kwashe shanya kaf, amma a wajen fizge-fizge tsinken ya karye, kan kebul ya ƙi zama ko kaɗan. Emeka yana daga waje yana cewa a miƙo masa ƙarshen ya yanke ya sa sabon kai. Ilu ya ce ba a yanka abin da ya yi maka hidima. Muna cikin haka sai Zainabu ta shigo, ido ya yi ja, ta ce, "Baba Ilu, a bar shi kawai. Allah bai nufa ba."

Ilu ya dube ta. Na ce a raina yau dai taurin kai ya ƙare, zai karɓi sabon kebul. Ina! Sai ya tattare riga, ya durƙusa a gaban randa da gwiwarsa mai ciwo, ya danna kan kebul da babban yatsa, fitila ta tsaya cak. Ya ɗaga murya ta saman katanga ya ce, "Emeka, tura!" Haka dattijon nan ya zauna a durƙushe, gumi na zuba, bai motsa ba sai da muka ji Zainabu tana hamdala daga shago. Da ƙyar na ɗaga shi. Yana numfarfashi ya ce in shaida, kebul lafiyarsa ƙalau, hannu kawai yake so.

Washegari na sayo sabon kebul mai tsawo na kai masa, na ce ba na son musu. Ya karɓa ya yi godiya har da sa albarka. Bayan kwana biyu na shiga gidan, na tarar sabon kebul Laraba ke shanya a kai, tsohon yana nan yana aiki da sabon tsinke.

Zainabu ta samu makarantar, ta gama. Da ciwon ajali ya kwantar da Ilu, ita ce a kansa a asibiti, ita ta sa masa ƙarin ruwa. Ina zaune ya bi siririyar igiyar ruwan da kallo tun daga sama har hannunsa, ya yafito ta, ya ce in ruwan ya ƙare kada ta yar da ita, tana da sauran amfani. Muka yi dariya, ita tana yi tana share hawaye. Bai kai ga ƙarewar ruwan ba.

Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya durƙusa don yarinyar nan, Allah ya sa ya tarar da shi a mizaninsa, ya sanyaya masa makwanci. Amin.