Awon Yatsan Gwaggo Mai Raino

Shekara talatin da 'yan kai Gwaggo ta yi tana rainon 'ya'yan mutane a ɗaki ɗaya, na ƙarshe a jerin ɗakunan gidan, wanda tagarsa ke kallon famfon tsakar gida. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba a taɓa jin ta zaunar da wani tana yi masa kukan haka ba. Mijinta direba ne, ya rasu tun tana da sauran ƙarfi, ya bar mata ɗakin da gadon ƙarfe. Sai ta tura gadon jikin bango, ta shimfiɗa tabarmi, mata masu fita aiki suka fara kawo mata yara da safe su ɗauka da yamma. Wasu cikin yaran nan yanzu har da gemu. In sun gamu da ita a hanya sukan durƙusa, ita kuwa ta ce, "Tashi, ni da na san kalar kashinka."

Da gyaran cikin yara aka fi saninta. In jariri ya kwana uku yana yunƙuri ba abin da ke fita, wajenta ake nufa. Ba ta yarda da cusa sabulu ba, ba ta yarda da jiƙe-jiƙe ba, duk wadda ta ambaci zuma kuwa sai ta sha harara. Takan zaunar da yaro cikin ruwan ɗumi, ta kwantar da shi a cinya, ta shafa mai ta riƙa zagaya cibiya a hankali, sannan ta kama ƙafafun tana juya su kamar mai tuƙa keke. Wanda ya wuce wata shida ta dama masa gwanda nunanniya, ta bi shi da ruwa kaɗan-kaɗan, ta ce a ɗaga masa ayaba da shinkafa na 'yan kwanaki. In ta ga jini, ko amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ba ta ko buɗe kwalbar man. "Wannan ba nawa ba ne," in ji ta, "ki kama hanyar asibiti."

Akwai lokacin da yara tara ke rarrafe a ɗakin nan. Da aka buɗe sabon gidan raino a bakin titi, mai fentin bango da lilo, suka ragu zuwa uku. Ƙaramarsu 'yar wata takwas ce da ake kira Kumatu, uwarta tela ce, kuma a shagonta sauran iyayen biyu ke ɗinki, da bakinta suke ji. Gwaggo ta san ran da tela ta ɗauke 'yarta, ran nan za ta naɗe tabarmi.

Abu ɗaya ta ɓoye wa kowa. Shekara biyu ke nan idonta ya yi yana, ba ta ganin lambobin da ke jikin fida. Sai ta samo dabara. Takan dafa yatsanta manuni a jikin fidar daga gindi, ta tsiyaya ruwan filas, in ta ji ɗumi ya hau har ƙarshen yatsa ta san ya kai, ta zuba madara cokali huɗu. Awon bai taɓa ba ta kunya ba, har ta manta cewa dabara ce.

Wata safiya tela ta sauke Kumatu daga baya ta ce, "Gwaggo, yau kwana huɗu. Sai dai ta yi ta nishi, fuska ta yi ja, ba komai."

"Me kike ba ta a gida?"

"Nono ne, sai 'yar ayaba."

"To ga shi nan. Ku yaran yanzu, ayaba kamar a kanta aka yanke muku cibi."

Laifi tudu ne. Gwaggo ta hau aiki, wanka da tausa da gwanda, kafin la'asar Kumatu ta yi, 'yan ƙwayoyi masu tauri kamar na awaki, tana tsala ihu. Gwaggo ta ajiye nafkin ɗin don uwa ta gani da idonta. Aka daina ayaba, aka daina shinkafa. Bayan kwana uku abin ya dawo, kuma yarinyar da ke wawurar fida ta fara kawar da kai, sai kallon kofin ruwa.

Tela ta kai ta asibiti. Da ta dawo ba ta zauna ba, daga bakin ƙofa ta miƙo yarinyar ta yi magana.

"Sun duba ta, sun ce ba ciwo ba ne. Sun tambaye ni yadda ake haɗa madarar, wai in ta yi kauri tana ɗaure ciki. Na ce musu Gwaggo ke haɗawa, Gwaggo ba ta kuskure." Ta gyara zani. "Amma ki yi haƙuri, Gwaggo. In an kai ƙarshen mako a haka, zan gwada wani wajen."

"Allah ya kai mu," in ji Gwaggo.

Da rana ta haɗa madara yadda ta saba, ta ɗiga a bayan hannu don jin zafi. Ɗigon bai gangara ba, ya tsaya yana danƙo. Ta lasa. Ta daɗe zaune da fidar a hannu tana shafa ta sama da ƙasa, sai a lokacin ta tuna cewa mako biyu da suka wuce tsohuwar fidar ta tsage a wuya, tela ta kawo sabuwa. Tsohuwar gajera ce mai faɗi, wannan kuwa siririya ce doguwa.

Gwaggo ba ta yar da komai, tsohuwar na nan bayan gado cikin kwali. Ta ciro ta. Ta zuba ruwan ɗumi a sabuwar har ƙarshen yatsa, ta juye shi cikin tsohuwar, ta dafa yatsa. Ɗumin ya tsaya mata a gaɓa ta biyu. Ta sake, ko kuskure ta yi. Gaɓa ta biyu. Mako biyu cur, sau uku a rana, tana ɗura wa 'yar mutane madara cokali huɗu a ruwan da bai fi na uku ba, ta juyo tana tausa mata ciki tana zagin ayaba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta ji ba tun tana yarinya.

Gyara ba wuya. In ta riƙa auna ruwa a tsohuwar tana juyewa a sabuwar, cikin kwana biyu yarinya za ta warware, a ce hannun Gwaggo ne. Ta yi wannan tunanin, ba za a ce ba ta yi ba. Amma gobe wata za ta kawo fida ta uku, ko maganin da ake aunawa da layi.

Da tela ta zo da yamma, Gwaggo ta jera fidojin biyu a gabanta ta yi mata awon, tun daga farko.

"Ba ayaba ba ce, 'yata. Ni ce. Ba na ganin rubutun, yau shekara biyu."

Tela ta kalli fidojin, ta kalli idon Gwaggo, wanda kullum take kallo ba ta lura ba. Ta goya 'yarta, ta ɗauki sabuwar fidar da gwangwanin madara ta fita.

Washegari ba ta zo ba, haka jibi. Sauran yaran biyu sun zo, iyayensu sun gaisa kamar kullum, Gwaggo kuwa tana sauraron muryoyinsu ta ji ko labari ya kai. A rana ta uku ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarmi uku don hannu ya saba, ta zauna. Bakwai ta wuce, takwas ta kusa, sai ga sallama.

"Ta yi jiya, ta yi yau da asuba," in ji tela. "Mai laushi, har baya, sai da na wanke zani biyu. Na kuma yi miki maganar likitan ido, ranar Laraba ni zan raka ki. Kawo hannunki, Gwaggo."

Ta ɗora mata fidar a tafin hannu. An naɗa mata zare mai kauri, zagaye uku, an ɗaure tam daidai layin ruwa. Gwaggo ta dafa yatsa daga gindi kamar yadda ta saba, yatsan ya ƙare bai taɓa komai ba. Sai da ta ƙara matsawa sama sosai ta ji zaren.

"Har nan?" ta ce.

"Har nan, Gwaggo."

Ta jawo filas ta fara tsiyayawa a hankali, tana jiran ɗumi ya iso.