Mai Bango da Littattafan Zanensa

Shekara talatin da huɗu Mai Bango ya yi yana ɗinkin littattafai a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗaukar hoto. Sunan ma a sana'ar ya same shi. Duk littafin da ya yage ko bayansa ya ɓalle, wurinsa ake kawowa. Sai ya warware shi, ya ɗinke da zare mai kaki, ya shafa gam, ya datse gefuna da babbar wuƙarsa, sannan ya yi masa bangon kwali. Mutum ne mai saurin fushi, amma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Tun yana ɗan koyo ya kamu da son littattafan zane, siraran nan da labari ke tafiya hoto bayan hoto, magana na fitowa daga bakin mutane cikin 'yan da'irori. Akwai wani na labarin mai nutso a teku da ke fitowa duk wata, shi kuwa bai taɓa bari lamba ɗaya ta wuce shi ba. Da aka daina buga shi, yana da fiye da ɗari uku.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne rashin ingancinsu. Takarda ce ta banza, 'yan ƙarafan da ke riƙe tsakiya kuma ba sa shekara biyu sai tsatsa. Don haka duk goma sha biyun da suka taru, sai ya cire ƙarafan, ya yage shafukan talla, ya daidaita gefuna da wuƙa, ya haɗe su cikin jan bango, ya buga lamba da ruwan zinare. Matarsa takan ce, "Malam, da rufin ɗakinmu zai samu rabin kulawar da mai nutson nan ke samu, da mun daina tara roba in ana ruwa."

Wata Asabar autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta shigo shagon tana haki, ta miƙa masa waya.

"Baba, duba. Wannan ba naka ba ne?"

Ya gyara tabarau. Lamba ta ɗaya ce, ga mai nutso da fitilarsa a goshi. An yi gwanjonta a kan kuɗin da zai sayi mota.

"Ɗaya tak?" ya ce.

"Ɗaya tak, Baba. Kai kuwa kana da su kaf."

Da farko ya ce ba na sayarwa ba ne. Sai dai idonsa ya fara rauni, zura zare a allura ya zama aiki, mutane kuma sun rage kawo littafi. Bayan mako biyu ya ce mata ta kira dillalin da ta ce ta samo. Ranar da zai zo, da sassafe ya goge jajayen kundayen nan ashirin da biyar, ya jera su a kan tebur kamar sojoji.

Dillalin ya iso da 'yar jaka. Kafin ya taɓa komai sai da ya sa farar safar hannu, abin da ya burge Mai Bango. Ya buɗe kundin farko, ya kawo ma'auni ya gwada faɗin shafi, ya leƙa tsakiya. Sai ya dafe kai.

"Baba, wa ya yi musu wannan aika-aikar?"

"Aika-aika? Ni na yi, da hannuna."

"An datse su. An huda su da allura. Ina shafin talla? Ina ƙarafan?"

"Ƙarafan da suka yi tsatsa? Na zubar. Kai, ɗan nan, buɗe ka gani, shekara talatin ko shafi ɗaya bai motsa ba!"

Dillalin ya yi masa bayani a hankali, kamar mai yi wa majinyaci. Masu saye, in ji shi, so suke littafi ya zo yadda ya fito daga injin bugawa, da tsatsarsa da tallansa. Wanda aka yi gwanjonsa nan, ba a taɓa buɗe shi ba. Kowa ya sayi irinsa a da, amma yara sun karanta sun yayyaga, iyaye sun zubar, shi ya sa lafiyayyen da ya rage ya zama zinare. Wanda aka datsa kuwa, ko da faɗin farce ne, ya tashi daga sahu.

"To kai ka karanta labarin?" Mai Bango ya tambaya.

"A'a, Baba. Buɗewa tana karya musu baya."

Mai Bango ya ji kamar ya kwaɗa masa gwangwanin gam. Yana cikin mayar da kundayen, dillalin ya hango wata tsohuwar ambulan a saman kanta, ya nemi izini ya sauko da ita. Lambobi bakwai ne na ƙarshe. A lokacin an canja mai zanen, sabon ya mayar da mai nutso kamar buhun gawayi, labarin ya lalace. Mai Bango ya saye su ne don kada jerin ya yi giɓi, ya leƙa ɗaya, ya yi tsaki, ya cusa su a ambulan. Ko zarensa bai ga sun cancanta ba.

Dillalin ya zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da yake ba wanda ya so su, kaɗan aka buga, ga shi kuma an ce za a yi fim da wata mata da ta fara bayyana a cikinsu.

"Wato marasa kyaun su ne masu tsada," in ji Mai Bango. "Wanda na raina shi ne ango, wanda na yi wa hidima ko ɗan rakiya bai kai ba."

Ya kore shi a ranar. Kwana uku yana huci, har mai agogo ya daina leƙowa gaisuwa. A na huɗu matarsa ta ce, "Fushi da kasuwa ba ya hana ta ci, Malam." Ya sa auta ta sake kira, ya sayar da bakwai ɗin, ya je aka yi masa aikin ido ɗaya.

Da dillalin ya zo ɗauka, Mai Bango ya ga zai zura su a leda, abin ya ba shi haushi, ya yanka kwali ya haɗa musu akwati daidai jikinsu. Cikin wata guda masu tara irin littattafan suka fara sallama a shagon, kowa na son akwati irin wancan. Yanzu aikin da ya fi kawo masa ciniki ke nan. Yakan auna littafin a cikin ledarsa, mai shi na tsaye a kansa yana cewa, "A hankali, Baba, kar a buɗe."

"Na ji," yakan ce, yana jan wuƙa a kan kwali. "Matsa mini daga haske."