Kwat ɗin Kar-ka-motsa

Ran da Kar-ka-motsa ya zo layinmu, wuni aka yi ana ruwa. Ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan marar tsayawa da ke hana gawayi kamawa. Ina zaune bakin shagona ina fama da dutsen guga, sai ga wani siririn saurayi ya diro daga bayan mota, ya rungume wani akwati a ƙirji ya lulluɓe shi da rigarsa, shi kuwa ruwa na dukan bayansa. Shagon da ke manne da nawa ya kama. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma bai kai rufi ba, saboda haka duk abin da aka faɗa a can ina ji. Haka muka zauna har kanmu ya yi fari.

Mai ɗaukar hoto ne. Kafin ya gama sabawa da layin yara sun raɗa masa wannan suna, don maganar da ya fi yi ke nan in ya sa ido a kyamara. Tun yana ɓata rai har ya koma amsawa.

Shagon ba wani girma. A bangon ciki akwai labule da aka zana wa bene da furanni. Sai kujera ɗaya, da ɗan tebur da aka ɗora wa tarho na ado, marar waya. A cikin durowa yana da agogon hannu da ba ya tafiya, da tabarau da ya cire wa gilashi don kada haske ya ɓata masa ido a hoto, da mataji mai dogayen haƙora. A kan ƙusa bayan ƙofa kuma akwai kwat.

Zamanin nan samari kan bar suma ta taru, su taje ta ta tashi kamar kwando. Wando ya matse a cinya, ya buɗe a ƙasa yana share titi. Takalmi mai tudu, wanda in ka gurɗe a kansa sai an kai ka gida. Kwat kuma mai faffaɗar kwala, har tana neman taɓo kafaɗa. Suma kowa na iya tarawa. Wando da takalmi ma mutum kan yi ƙoƙari. Amma kwat, a layin da daga bakanike sai lebura sai mai gasa burodi, ba wanda ya mallaka. Kar-ka-motsa ya gane haka, ya je gwanjo ya sayo ɗaya, ruwan ƙasa mai layi-layi. Maɓallinsa na ƙasa ya ɓace tun a can, ya sa baƙi a madadinsa.

Kwat ɗaya ne, amma yana yi wa duk mai zuwa hoto daidai. In siriri ne, sai ya tattare bayan ya kama da fil. In mai ƙiba ne, dama ya farke ɗinkin baya, sai kwat ya buɗe ta can inda kyamara ba ta gani. Na sha jin sa ta saman bango.

“Bakanike, hannun nan naka ko an wanke da kalanzir ba zai fita ba. Sa shi a aljihu.”

“To agogon fa? Ina so a ga agogon.”

“Ɗaya a aljihu, ɗaya a kan tarho. Juya bayan hannun. Ɗaga haɓa. Kai, ba raƙumi na ce ka zama ba. Yawwa. Kar ka motsa.”

Ni ke goge kwat ɗin. Ba a ɗora masa dutse kai tsaye, sai an shimfiɗa tsumma mai laima, kwalar kuma ba a danne ta, tururi kawai ake ba ta. Ko an wuni ana sa shi, kwalar nan tana tsaye ta ɗan lanƙwaso kamar an koya mata. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Da wannan sana'a ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya binne matarsa. Ado ya canza sau da yawa a gabanmu. Aka aske sumar, wando ya tsuke. Kwat ya koma kan ƙusarsa da ƙwayar kafur a aljihu. Daga baya waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, har hoton fasfo ya daina zuwa. Shi dai kullum da safe zai buɗe, ya share, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya fito da kujera ya zauna. Autarsa, wadda ke auren wani tela a layin baya, ta yi ta fama da shi ya rufe ya koma wurinsu.

“Baba, me kake tsaro a nan? Ƙudaje?”

“In na rufe, da safe ina zan ce na tafi?”

Ana haka sai yaran yanzu suka fara zaƙulo tsofaffin hotuna daga ƙasan akwatin iyayensu mata, suna ɗora su a waya. Ko ina ka zauna maganar ke nan: iyayenmu su ne suka san ado, ina ma zamanin nan ya dawo. Wata rana ɗan bakanike da ɗan mai burodi suka tsaya a rumfata suna gardamar uban wa ya fi iya gayu. Kowa ya miƙo wayarsa. Suka duba, suka sake dubawa.

“Kai, tsaya. Maɓallin ƙasan nan baƙi ne a na babanka?”

“Baƙi ne.”

“To wallahi kwat ɗin babana babanka ya ara.”

“Ko dai naka ya ara? Mu a gidanmu ba a aro.”

Na ce da su su leƙa bayan ƙofar maƙwabcina. Da suka gan shi a rataye suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Can ɗan bakanike ya daina dariya, don ubansa ya rasu. Ya ce da Kar-ka-motsa, “Baba, za ka ɗauke ni a cikinsa?”

Daga ranar shagon ya tashi. Samari suka riƙa zuwa, kowa da hoton ubansa ko na kakansa, yana so a tsayar da shi daidai yadda aka tsayar da wancan. Wasu har sun tara suma saboda haka. Kar-ka-motsa yana da wata ƙaramar kyamarar zamani da Auta ta taɓa saya masa, da ita yake ɗauka, a fitar masa baƙi da fari. Ya sayi sabon ƙwan fitila. Muryarsa ta dawo ta saman bango, har da tsawa. Ba hoton suke biɗa ba, wannan wayarsu ma za ta yi. Kwat ɗin da uba ya sa suke so ya taɓa jikinsu, kuma a nan kaɗai yake.

Su waɗannan samarin ne suka je wa tela, mijin Auta, suna so ya ɗinka musu irinsa. Shi kuwa dama kasuwarsa ta mutu, kayan kanti sun kashe ta, har yana maganar sayar da keke ya tafi neman aiki wani gari mai nisa, ya bar Auta da yara. Ya karɓi aikin da murna. Ya zo ya auna kwat ɗin ta ko ina, ya je ya ɗinka. Jiki ya yi, hannu ya yi, kwala ta faɗi kamar kunnen akuya. Ya sake, ta sake faɗuwa. Masu kaya suka fara dawo masa da su, da baƙar magana a kai.

Wata safiya ya zo ya durƙusa a ƙofar shago. Gaisuwar ta yi tsawo, na san da magana.

“Baba, abin da ke tsayar da kwalar nan a ciki yake. Ta waje ba na ganinsa.”

“To?”

“Da za ka ba ni in farke, in gani, in mayar maka yadda yake.”

Kar-ka-motsa ya juyo wajen shagona. Ya ɗaga murya ta saman bango. “Mai guga, kana ji? In an farke zai koma?”

Ni na san yadin a hannuna. Ya yi laushi kamar bawon albasa, wurin ɗinki ma zaren ne ke riƙe da shi. Na ce, “Ba zai koma ba.”

Tela ya ce zai bi a hankali. Surukinsa ya ce ya ji, ya sallame shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Washegari Auta ta zo da goyo. Ba ta ambaci kwat ba. Ta karɓi tsintsiya daga hannun ubanta ta share shagon, ta goge tebur, ta kaɗe labule. Da za ta tafi ta ce, “Babansu ya samu mai sayen keken. Ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata.”

“Ke me kika ce?”

“Me zan ce, Baba? Ni dai ba na son yaran nan su tashi uba sai a waya.”

Ya yi 'yan kwanaki yana aikinsa kamar ba abin da ya faru. Duk wanda ya zo ya ɗauke shi. Sai wata rana da hantsi ya leƙo ya ce in goge masa kwat. Na goge. Ya naɗe shi a hannu, ya ce in raka shi layin baya.

Tela ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya ɗauki reza. Ya fara daga shafi. Da ya ɗaga sai ga wani yadi mai kauri kamar buhu a cikin kwalar, an bi shi da ƙananan ɗinki a karkace, layi bayan layi, kowane layi ya ɗan ja na gabansa. Abin da ke lanƙwasa ta ke nan.

“Ashe da hannu ne,” in ji tela. “Ni ina ta bin ta da keke.”

Ya bi a hankali kamar yadda ya ce. Amma duk inda zare ya fita, yadin sai ya tsage ta ramin allura. Kafin ya raba kwala da jiki, kafaɗa ɗaya ta zama tsumma. Kar-ka-motsa yana tsaye hannu a baya har aka gama cire ta. Sa'an nan ya ce ya bar shago a buɗe, muka dawo.

Tela ya gane aikin. Bai sayar da keken ba, har ya ƙara wani. Na farkon da ya yi kyau surukinsa ya kawo wa, ruwan ƙasa mai layi-layi, har da baƙin maɓalli a ƙasa. Aka rataye shi a ƙusar. Samari suka zo, suka shafa, suka ji yadin da ƙarfinsa.

“Baba, wannan ne wanda babana ya sa?”

“A'a. Ƙanensa ne.”

“Haba Baba. Irin wannan ai ina da shi a gida.”

Na ce wa Kar-ka-motsa ya riƙa cewa shi ne, wa zai sani. Ya ce yaran ba kwat suka zo sawa ba, ba zai sa musu ƙarya a kafaɗa ba. Da kaɗan-kaɗan ƙafa ta ɗauke. Layin kuwa ya cika da faffaɗar kwala, har mai sayar da ruwa yana da tasa. Damina biyu aka yi ana yayinta, aka koma wani abu. Masu kawo wa tela ɗinki dai ba su bar shi ba, don sun ga hannunsa.

Kar-ka-motsa ya ƙara shekara yana buɗewa yana sharewa, sa'an nan ya mayar wa mai gida makulli. Mai gyaran waya ne a shagon yanzu.

Shi kuwa Kar-ka-motsa yana gidan Auta, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Gwiwa ta hana shi fita sosai, amma yana ci yana sha, kuma hankalinsa ƙalau.