Yadda ciwon bayana ya kusa cinye fanshon mijina

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ganin tambayarku a kan sandar da nake dogarawa, ina wucewa. Yau zan amsa, domin wata ƙawata na shirin ajiye aikinta ta yi jinyar mahaifiyarta.

A 1998 na je Guangzhou ta ƙasar Sin saro jakunkunan mata. Baya ya daɗe yana damuna, ga zazzaɓin yamma da rama, amma na ɗora laifin a kan ɗaukar kaya.

A Shiling, garin masana'antun jaka, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ina tsaye ina ciniki, sai ga ni a ƙasa.

Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi mai yi mana lodin kaya, ita ta kai ni asibiti. Sai da aka ajiye kuɗi kafin a ba ni gado. Jarin da na zo da shi can ya tafi.

Ban yarda da kowa ba. Likita zai yi dogon bayani, tafinta ya ba ni kalma uku. Na ce wa Memuna, "Yaya, tafintan nan yana ɓoye mini wani abu." Har tunanin sammu na yi, na dinga lissafa waɗanda muka ci abinci tare.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton baya, aka tsira allura a ƙashi. Sakamako ya fito: tarin fuka ne, amma na ƙashin baya. Likitan ya ce, "Za mu yi tiyata. Kafin nan kar ki tashi zaune, kar ki hau jirgi."

Mijina, Abban Zahra, akawu ne a wata ma'aikatar jiha a Kano. Ya ɗauki hutunsa na shekara, ya sayar da filinsa, ya taho. Shi ke juya ni, shi ke zubar da fo, shi ke wanke mini kai. Ya koyi dama kunun shinkafa a ɗakin Memuna saboda na ƙi abincin asibiti.

Hutu ya ƙare, ba a ko sa ranar tiyata ba, ana jira magani ya fara kama jikina.

Ya sayi katin waya ya kira abokin aikinsa, Malam Lawan. Ya dawo fuska a sake. Wai Lawan ya ce, "Zauna ka kula da iyali, komai yana hannuna."

Na ce, "Me ke hannunsa?"

"Zai nema mini hutu ba albashi."

"Kai ka sa hannu?"

"Haba Hajiya, tare muka fara aiki da shi."

Hankalina dai bai kwanta ba. Duk sanda ya kira Lawan, amsar ɗaya ce: takarda tana teburin shugaba. Ni 'yar kasuwa ce. Idan mutum ya maimaita mini magana ɗaya babu ƙari babu ragi, na san bai taɓa kayan ba.

Ga abin da ya tsorata ni: ma'aikacin da ya daina zuwa aiki ba izini, korarsa ake yi, kuma korarre ba shi da fansho ba shi da giratuti. Shekarun da ya yi yana aiki za su tafi saboda yana zubar mini da fo.

Da aka sa ranar tiyata na ce masa, "Abban Zahra, ka tafi gida."

Ya dube ni kamar na zage shi. "A yanka ki ba na nan?"

"Ba kai za ka riƙe wuƙar ba. In na rayu gurguwa, da me za ka riƙe mu in ka tsufa?"

Ya yi fushi, ya ce ba inda za shi. Memuna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Malam, tafi. Ni zan kwana da ita."

Ya tafi. Da aka tura ni ɗakin tiyata na yi kuka, na ce na kori mijina a kan zato.

Ina farfaɗowa, Memuna ta ce Abban Zahra ya kira. Ya tarar babu wata takarda a teburin kowa, sunansa kuma ya shiga cikin waɗanda za a kora don sun gudu daga aiki. Lawan ya ce mantuwa ce. Ko mantuwa ce, ko kujerar mijina ake so, har yau ban sani ba. Muna gaisawa, iyakarta ke nan.

Abban Zahra ya kai rahoton likita da kansa, ya bi ofis-ofis har aka ba shi hutun a rubuce. Ya dawo ya same ni ina koyon tsayuwa, ma'aikaciyar jinya na riƙe da ƙuguna. Watanni na yi ina haɗiyar ƙwayoyi kafin likita ya ce ciwon ya mutu.

Yanzu ya yi ritaya, yana karɓar fanshonsa. Da shi ake saya mini maganin baya.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin da na yi ta zargi, da Yaya Memuna, Allah Ya jiƙanta.

Masu jinya, kar ku ajiye aiki cikin ruɗewa, kar ku ɓace ba izini. Ku nemi hutu da kanku, ku karɓi amsa a rubuce, ku ajiye kwafi. Ku tambayi ofishin fansho yadda za a lissafa watannin, domin dokoki sun canja tun zamaninmu. Ciwon baya da zazzaɓi da rama kuma, a je asibiti da wuri.

Ku da ake jinya, ku tambayi mai kula da ku me ya bari a baya. Shi ba zai faɗa ba.