Idanun Baba Gyangyaɗi

Tun yana cikin zanin goyo aka fara yi masa sharri. Ungozomar da ta karɓi haihuwarsa ta dube shi ta ce wannan yaro bai gama barcin ciki ba aka fito da shi, maganar kuwa ta bi shi har furfura. Ba wani abu ba ne illa fatar idonsa ta sama, wadda ta sauko ta kwanta har kusa da gashin ido, irin ta mahaifiyarsa sak. Yana gani sarai, ya ma fi mutane da yawa gani. Sai dai duk wanda ya ƙura masa ido sai ya ji hamma ta taso masa.

A makaranta ya sha bulala a kan barcin da bai yi ba. Malamin lissafi ne ya laƙaba masa Gyangyaɗi, sunan ya zauna daram har na yanka ya ɓace. Masu ɗaukar hoto kuwa ba su taɓa shiri da shi ba. Kullum sai an ce, “Malam, buɗe ido mana.” Ya ce, “Ai a buɗe suke.” A ce ya ƙara, ya ƙara, a ɗauka, hoto ya fito kamar an tashe shi da asuba. Ranar da ya fara zuwa gaida mahaifin yarinyar da yake so, tsohon ya dube shi da tausayi ya sa a kawo wa baƙo matashin kai. Yarinyar tana laɓe tana dariya, kuma ita ce har yau take cewa idanun nan ta aura, sauran jikin gyara aka yi mata. A cewarta ido ne mai kunya, bai taɓa zare wa kowa ba.

To, mutum mai irin wannan ido, cikin duk sana’o’in duniya sai ya zaɓi tuƙi. Motar makarantar yara yake ja, doguwa mai ruwan ɗorawa, kuma ya daɗe a kanta har waɗanda ya ɗauka da majina a hanci yanzu su ne suke miƙo masa nasu ’ya’yan. Kafin gari ya gama wayewa ya zagaye motar yana shurin tayoyi, ya goge kujeru, ya zuba tsintuwar jiya a wani kwali da ke gefen giyar motar: takalmi wari ɗaya, murfin gorar ruwa, fensirin da aka tauna. Ya san wanda ke amai in ya zauna a baya, ya san biyun da ba a haɗa su kujera ɗaya. Ta babban madubin da ke saman kansa yake kiwonsu. Yaro zai ɗaga hannu zai ranƙwashi na gabansa, sai ya ji murya daga gaba, “Sauke.” Yaran sun yi ittifaƙi cewa Baba yana da wasu idanun a ƙeya, shi ya sa na gaban suke hutawa.

Cikin fasinjojinsa akwai wata ’yar ajin farko da ake kira Mitsitsiya, yarinya mai tsoron mutane, wadda ba ta sakin zanin uwarta ko da malamai sun taru suna lallashi. Shi kaɗai take yarda da shi. Takan hau ta zauna daidai bayan kujerarsa ta kama gefen rigarsa, ba ta cewa uffan har a isa. Yana ji da wannan riƙon fiye da yadda zai iya faɗa.

Ana zaune lafiya sai mahaifin wani sabon ɗalibi, wanda bai san Baba ba, ya tsaya kusa da motar a wajen danja. Ya leƙa ya ga direba ido a lumshe, ga yara cike a baya. Hankalinsa ya tashi, kuma wa zai ga laifinsa? Ya ɗauki hoto a waya ya tura wa zauren iyaye, ya rubuta a ƙasa cewa a dubi wanda aka ba amanar yara. Tsofaffin iyaye suka yi ta dariya suna bayani, sababbi suka ƙi ji. Shugabar makarantar ita ma sabuwa ce, mace mai tabarau da son komai ya tafi daidai. Ta kira shi ofis.

“Baba, ban ce kana barci ba,” in ji ta. “Amma iyaye sun tsorata, ni kuma ban san ka ba tukuna. Ka je likitan ido ya duba ka. Ranar Litinin zan bi motar da kaina. In hankalina bai kwanta ba, sai dai mu mayar da kai bakin ƙofa, wani ya karɓi makullin.”

Ya ce, “To, ranki ya daɗe.” Ya fito yana jin kamar an ce masa ya ba da ɗansa riƙo.

Likita ya haska, ya sa shi karanta manyan baƙaƙe da ƙanana, ya ce ganinsa lafiya lau, fatar ba ta tare masa komai ba. In wata rana ta ƙara saukowa har ta tare, akwai ɗan aikin da ake yi, amma yanzu babu dalili. Baba ya yi godiya. Sai dai ya san maganar likita ba ta fitowa a hoto, kuma fuskarsa shugaba za ta kalla.

Nan ya tuna da autarsa. Ita ce ta gaji idon a cikin ’ya’yansa, kuma maimakon ta zauna kuka sai ta mayar da shi abin cin abinci. Tana da shagon kwalliya, mata masu irin wannan ido har layi suke yi mata. Bai taɓa taka shagon ba. Ranar Asabar ya shiga da sallama ƙasa-ƙasa, ya tarar da mata uku a kan benci, suka gyara mayafi suna ƙunshe dariya.

“Baba, lafiya? Ko Mama ce ta aiko ka?”

“Ni na aiko kaina. So nake ki tashe ni daga barci.”

Auta ta zaunar da shi gaban madubi mai fitilu, ta ɗaura masa tawul a wuya. Ta ce ya dubi gabansa kai tsaye, kada ya rufe ido, kada ya ɗaga gira.

“Kuskuren da kowa ke yi ke nan,” in ji ta. “Mace ta rufe ido ta zana abinta tsaf, tana buɗewa fatar ta haɗiye aikin. Irin idonmu a buɗe ake yi masa aiki, yadda mutane za su gan shi. Ni kala mai ɗan duhu nake shafa musu sama da naɗin, in ja layi siriri ya ɗan haura ta gefe.”

“Ke, ba za ki shafa mini kala ba.”

“Kwantar da hankalinka, Baba. Kai rabin matsalarka gira ce. Dubi yadda ta yi maka rumfa.”

Gaskiyarta. Girar ta yi tsawo ta rusuno, ta ƙara wa idon inuwa. Ta sa ɗan almakashi ta rage ta, ta taje ta sama da ƙaramin burushi, sai ga fili ya buɗe tsakanin gira da ido. Ta hana shi lafta kwalli mai kauri, ta ce yana ƙanƙantar da ido. Ta ce ya sa cokula biyu a firij, da safe ya ɗora bayansu a kan idanun su sauke kumburin barci. Matan benci suka ce wallahi Baba ya koma saurayi. Ya dubi madubi ya ga lallai an samu canji, amma a ganinsa har yanzu mutumin cikin madubin bai gama farkawa ba.

Sai idonsa ya faɗa kan wata takarda mai ɗauke da siraran filasta kamar yankan farce. Auta ta ce da su ake ɗage fatar ido a manne ta sama, amma sai an iya, kuma shi ba ya bukata. Ya yi ta naci har ta ba shi, da sharaɗin zai jira ta zo ta sa masa. A gida matarsa ta juya takardar a hannu ta taɓe baki.

“Malam, ka dai bi a hankali. Kada garin neman gira a rasa ido.”

Litinin ta zo, shi kuwa bai jira Auta ba. Ya yi cokulansa, ya taje girarsa, ya zauna a motar ya karkato madubi. Da yatsun da suka saba da ɗaurin notin taya ya ja fatar can sama ya manna. Ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara ɗaya a kan kowanne. Idanun suka fito waje tulu-tulu, farinsu duk a bayyane, kamar mutumin da ya buɗe ƙofa ya yi arba da zaki. Ƙiftawa ma da ƙyar. Shi dai ya gamsu, don babu mai cewa wannan yana barci.

Shugaba ta hau, ta dube shi, ta gyara tabarau, ta sake dubawa. Ta gaishe shi ta zauna a kujerar gefe. Yaran da suka riƙa hawa kowanne sai ya yi turus a matakala, ya wuce sumum. Motar da kullum take kamar kasuwa yau ta yi tsit. Iska na shiga idanun, hawaye na bin kumatunsa, yana sharewa da kafaɗa.

Aka iso ƙofar su Mitsitsiya. Uwarta ta riƙo ta zuwa matakala kamar kullum. Yarinyar ta ɗaga kai ta dube shi, ta ja da baya ta cusa fuska a zanin uwar.

“Hau mana, ga Baba.”

“Ba shi ba ne.”

“Ni ne, ’yar Baba,” in ji shi, da muryar da ta sani. Ta leƙo ta sake gani. Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai suka zubo, ta ƙanƙame uwar da hannu biyu.

Ya dubi shugaba, ya dubi yarinyar. Ya san abin da ke ƙarƙashin filastar nan shi ne abin da aka zo gani, kuma in ya fito, wataƙila yau ce ranarsa ta ƙarshe a kan wannan kujera. Ya ja birkin hannu. Ya sa farce ya ɓamɓare na dama, ya ɓamɓare na hagu, har da ’yan gashin gira. Fatar ta sauko ta koma mazauninta, wani sanyi ya ratsa shi har zuciya.

Mitsitsiya ta saki zanin. Ta hau matakala, ta miƙa ɗan yatsa ta taɓa fatar idon, ta tabbatar, sannan ta wuce bayan kujerarsa ta kama gefen rigar. Wani yaro daga baya ya ce, “Baba ya dawo!” Motar ta kaure da shewa da tafi, har sai da ya ce ta madubi, “Sauke,” don wani ya riga ya ɗaga hannun ranƙwashi.

Ya ja mota. Da farko yana jin idon shugaba a kansa, tana duba hannunsa, tana duba hanya. Shi kuwa ya yi tuƙinsa na kullum, ya kauce wa ramukan da ya haddace, ya taka birki a hankali yadda ko ruwan gora ba zai zube ba. Bayan shataletale ya saci kallonta. Kanta ya jingina da gilashi, tabarau ya zamo kan hanci, tana barci hankali kwance. Ya ɗora yatsa a leɓe ta madubi, yaran suka toshe baki suna shaƙewa da dariya.

A ƙofar makaranta ya kashe mota, ya jira yara suka sauka, sannan ya yi gyaran murya.

“Ranki ya daɗe, mun iso.”

Ta farka firgigit. Ta dubi makarantar, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. Da ta lafa ta tsince filastar da ya manna a gefen sitiyari ta jefa cikin kwalin tsintuwa.

“Iyayen nan ka bar ni da su,” in ji ta. “Girar ta yi kyau, a ci gaba da gyara ta. Amma gobe, Baba, da idonka za ka zo.”

Ya ce to. Mitsitsiya tana tsaye a matakala tana jiransa, ya sa makullin a aljihu ya kama hannunta ya raka ta ƙofar aji.