Mu'azu, Kirari Ya Kai Ka Kabari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Afrilu, 1977, ranar kasuwar Maigatari, aka kawo mini gawar ɗana na fari a bayan motar shanu. Mu'azu. Tun da na haife ka ban taɓa furta sunan nan ba saboda kunyar ɗan fari. Yau na rubuta shi, ba ka nan balle ka amsa.

Kana da alheri, kuma zan faɗa. Shekarar fari, kana sabon malamin firamare a Gagarawa, kai ke ɗaure gero a bayan keke ka kai wa tsofaffinmu na Sule Tankarkar, ka dawo ka kwana da yunwa. Ƙanenka Ya'u a wuyanka ya fara zuwa makaranta. Amma ba zan yi ƙarya a kan kabarinka ba: ka tafi da jinin mutum a hannunka.

Kana yaro, Ya'u yana goye, wani dillali ya soke mahaifinku har lahira kan cinikin raƙumi. Alƙali ya yi hukunci, mutumin ya mutu a gidan yari. Magana ta ƙare a wurin hukuma, ba ta ƙare a ɗakin Gwaggonka Kande ba, wadda ta ɗauke ka tun yaye kamar yadda aka saba. Da wannan magana take miƙa maka tuwo.

Kana sakandare ka zo hutu da littafin wasan kwaikwayon Turawa, irin wanda muka karanta a makarantar 'yan mata a Kano, inda ɗa ke rantsuwa sai ya rama wa ubansa. Na ji kana karanta wa Ya'u rantsuwar, muryarka har rawa take don daɗi. Na ce da Ya'u, "Gaya wa yayanka ya buɗe ƙarshen littafin ya ga gawawwaki." Ka yi dariya ka ce, "Inna, ai daɗin maganar kawai nake ji."

Daɗin maganar ne ya kashe ka. A bikin 'yar Kawu Manu a Gumel, Kawun da kansa ya cusa wa maroƙi kuɗi ya nuna ka. Maroƙi ya ɗaga murya: "Ɗan zaki ya koma tunkiya! Alli a hannu, jinin uba a ƙasa!" Mata suka rangaɗa guɗa. Kasuwa na zagayowa ka je ka soke Ɗantala mai igiya, ɗan wancan dillali, wanda ke rarrafe lokacin da ubansa ya yi laifin. 'Yan kasuwa suka rufe ka da sanduna. Wannan ba jarumta ba ce, ɗana, zalunci ne.

A zaman makokinka na ji Kande na cewa, "Namiji ya yi aikinsa. In dangin Ɗantala sun taso, ai ga Ya'u nan." Ya'u yana bakin ƙofa, kuma na ga yadda ya ɗaga kai.

To, ku ji. Jiya na kai Ya'u Maigatari, na durƙusar da shi a gaban A'i, mahaifiyar Ɗantala. Ita ma ɗa guda ya rage mata. Ta kira ɗan nata, ta dama musu fura a ƙwarya ɗaya, shi da Ya'u. Sun sha. Kande da Manu, ba na buƙatar ta'aziyyarku, kuma duk wanda ya ƙara yi wa ɗana kirari, mu haɗu gaban alƙali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga A'i da 'yan'uwan Ɗantala, sannan ga matarka Zinariya da ɗalibanka. Allah ya jiƙan Ɗantala, ya haskaka kabarinsa. Allah ya jiƙan ka, ya sassauta maka tambaya. Abin da ke tsakanina da kai na yafe. Jinin Ɗantala kuwa ba nawa ba ne balle in yafe, sai dai in roƙa maka rahamar Ubangiji har in tarar da kai. Amin.