Turin Akori-kurar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In zai kira ni sai ya ce "kai wanga", yana kallon wani gefen. Ƙannena kuwa har kan tabarmarsa suke zama, su ci tuwo kwano ɗaya da shi. Kowa ya san alkunya ce, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Abin da ya haɗa ni da shi akori-kurarsa ce, wata tsohuwar mota da ta girme ni, wadda yake kwasar albasa da shinkafa da ita daga Bakura zuwa kasuwar Talatar Mafara. A hannuna injinta ya tsufa. Ni nake wanke kafireta, in goge filogi, in juye baƙin mai, har garambawul na sha yi mata a gindin darbejiyar ƙofar gida. Abu ɗaya ya gagare ni, wuta. Wayoyinta sun cakuɗe kamar taliya, dinamonta ba ya cika batir, kik ɗin da ke tayar da ita kuwa ya mutu tun ina firamare. Saboda haka ba ta tashi sai da turi.

To, turin nan nawa ne. Kowace Talata da safe Baba zai shiga ya sa giya, ya taka kuloci, ya bar ƙofar gefe a buɗe. Ni kuma in naɗe hannun riga, in dafa bayanta mu gangara wajen kwalbati. Da ta yi tari ta kama, sai in sheƙa in faɗa kujerar gaba ina haki. A nan ne, idonsa na kan hanya, yake cewa, "Allah shi yi albarka." Ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Daga nan har Mafara mu biyu ne. Wani lokaci ya manta da kansa ya yi mini ƙorafin tsadar taki, ko ya fasa goro ya ajiye ɓari a tsakaninmu ba tare da ya ce ungo ba. Na yi aure, na tara iyali, furfura ta fara leƙowa a gemuna, ban bar wa kowa turin nan ba. 'Yan unguwa suna tsokanata wai ni ne kik ɗin Alhaji. Su ta shafa.

Ana nan sai autanmu ya dawo daga Gusau, inda ya koyo wayarin ɗin mota. Ya zo da 'yar mitarsa a aljihu da zaƙin baki. Ya buɗe bonet, ya kama haɓa, ya ce wai injin lafiyayye ne, Yaya ya yi ƙoƙari. Ƙoƙari! Mutumin da na ɗauka a wuya na kai kallon dambe, yau shi ke ba ni maki.

Ya cire dinamo ya ɗaura na zamani, altaneta, a madadinsa. Ya zare tsofaffin wayoyin kaf ya ja sababbi, kowace da launinta, ya kafa akwatin fiyus, ya samo kik na gwanjo mai kyau. Na yi ta zagaye ina neman abin kushewa. Na ce wayar da ta bi kusa da salansa narkewa za ta yi, ya nuna mini ya riga ya sa mata riga. Wallahi aikin ya yi kyau, kuma kyansa ne ya fi ƙona mini rai. Baba kuwa ya jawo benci ya zauna, yana ta kiran sunan auta a kan abin da bai kai ya kawo ba, har da aikawa a sayo masa fura.

Ranar gwaji aka miƙa wa Baba makulli. Murɗawa ɗaya ta tashi. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya fito ya dafa kan auta, ya jero masa addu'a mai tsawo, da sunansa a ciki. Ina tsaye da baƙin mai a farcena. Duk wanda na tarar a ranar sai na gaya masa ai ba wuta ke tayar da mota ba, in injin ba shi da lafiya ko wayar zinariya aka ja ba za ta motsa ba. Da na kai maganar cikin gida, matata ta dube ni ta ce hassada ga mai rabo taki ce. Na ce hassadar me, ni da ƙanena? Amma ita ce, ba wata ba.

Kujerar gaba ta koma hannun auta, wai ko wuta za ta yi gardama a hanya. Ba wanda ya kore ni, kuma gaban yana cin mutum uku. Sai dai ɗan fari ba ya zuwa ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ubansa haka kawai, sai da dalili, ni kuwa an kwance dalilina tare da tsohon dinamo. Da damina ta faɗi na zuba ido, na ce ruwa zai shiga wayoyin nan ya tona asiri. Ruwa ya zo ya wuce, motar tana tashi abinta.

Wata Talata na kasa haƙuri na fito da sassafe. Na buɗe bonet ina duba baƙin man da na riga na duba jiya. Baba yana zaune a mazauninsa, auta a nawa. Sai na ji Baba yana magana da auta da ƙarfi, irin yadda yake yi in saƙon nawa ne.

"Ka san mi ya sa na ce ka baro Gusau ka gyara ta? Na gaji da ganin wancan yana haki da hurhura ga gemu. Yanzu sai shi huta."

Na sauke bonet a hankali. Ban taɓa mayar masa da magana ba, amma ranar bakina ya riga ni.

"Baba, ni ban ce na gaji ba."

Bai dube ni ba. Hannunsa na kan makulli, har na ɗauka zai ce mini wani abu. Sai ya ce da auta ya ja ƙofa. Ya murɗa, ta tashi, suka gangara wajen kwalbati ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Sai da suka sha kwana na lura ashe tun a ɗaki na naɗe hannun rigata.